Idon Hagu na Goggo

Goggo, yayar babanmu, ta shekara ashirin da takwas a ɗakin binciken ruwan teku tana zana halittun da ido ba ya gani, masu ƙwayar halitta ɗaya tak. Takan ɗiga ruwan a kan gilashi, ta kafa idon hagu a madubin ƙara girma, na dama yana kan takarda, fensir a hannu. Zafin fitilar madubin yakan kashe halittar cikin minti goma sha biyar, don haka ko sallama ba ta amsawa sai ta gama.

Sababbin jinsi tara aka bayyana wa duniya da zanenta. Mijinta yakan ce, "Uwar ƙwari, yau guda nawa kika haifa?" Ta ce, "Sun fi naka 'ya'yan jin magana."

A shekararta ta ƙarshe aka samu wata mai jerin gashi a jiki. Irinta da aka riga aka sani jeri goma sha bakwai gare ta. Goggo ta ƙirga sha tara. Farfesa, shugaban ɗakin, ya yi murna: ga sabuwa ta goma. Har ya fara rubuta bayani.

Abin da bai sani ba, likita ya riga ya gaya mata cewa yanar ido ta fara rufe na hagun, wani lokaci layi ɗaya yakan zame mata biyu. Ba ta faɗa wa kowa ba. Sai ta koma leƙawa da na dama, wanda bai taɓa sanin komai ba sai takarda. Sati uku tana dawowa gida da ciwon kai, ta kwanta da jiƙaƙƙen tsumma a fuska.

Idon dama ya ce sha bakwai. Sau goma sha ɗaya ta ƙirga.

Da kanta ta shiga ofishin Farfesa ta ce, "Ranka ya daɗe, tsohuwar ce. Idona ne ya ƙara biyun."

Ya cire tabarau ya daɗe yana murza goshi. "Tun yaushe, Hajiya?"

"Ban sani ba. Shi ya sa nake so a ciro zanen biyun ƙarshe da muka buga, wani ya sake ƙirgawa."

Aka ƙirga. Ɗaya ta tsaya, ɗaya ta faɗi. Ta ajiye aiki a watan, kuma in aka tambaye ta sababbi nawa ta zana, takwas take cewa.