Takalmin Illo a Bisa Katanga

Da asuba, ina ɗumama motata don tafiya Konni, Shatu tana tsugune a ƙofar gidansu da buroshi da sabulu, tana wanke takalmin mijinta Illo. Haka take yi kowace Juma'a, shekara uku ke nan.

Ni na kawo mata shi. Taksi nake ja tsakanin Tajaye da Konni. Wani ya miƙo mini leda a tasha, ya ce saƙon Illo ne daga Libiya. Farin takalmi ne irin na masu gudu a filin wasa, lamba arba'in da huɗu. Waɗanda suka yi shi ba su san Tajaye ba. A unguwarmu, in ɗan cin rani ya aiko da takalmi, ya ce ke nan yana tafe kafin shuka. Matarsa takan ɗora shi bisa katanga kowa ya gani. Ba mai taɓa gonarsa, ko ita matar ba ta shuka ta. Shi ake jira.

Illo bai zo ba. Wayarsa ta daina shiga tun daminar farko. Gona ta cika da ciyawa, Shatu tana yi wa mutane daka tana ciyar da yara uku.

Bana yayan Illo, Muttaƙa, ya tsaya a ƙofarta. Ina canjin taya, na ji su.

"Shatu, takalmi ba ya noma. In ruwa ya sauka ba a shuka gonar nan ba, ɗana zan ba."

"Yaya, ya ce yana tafe."

"Wa ya ce? Roba?"

Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, ranar ma ba ta yi ba.

In ta ci gaba da jira, gona ta tafi. In ta shuka, ta faɗa wa gari da kanta Illo ba ya dawowa.

Ruwa ya sauka ranar Laraba. Washegari na fito da fasinja, na gan ta a bakin hanya. Ta cusa tsumma cikin takalmin, ta zura ƙafa, ta naɗe igiyar har idon sawu.

Maƙwabciyarta Uwani ta leƙo. "Ke Shatu! Na mijinki fa ne!"

"Akwai ƙaya a gonar," in ji Shatu.

Ta miƙa wa babbar ɗiyarta ƙwaryar iri, ta saɓa sungumi a kafaɗa, ta ratsa cikin laka.