Tambayar Dattijo a Gonar da Tsawa Ta Faɗa

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da abokan aikina biyu na makarantar koyar da Littafi Mai Tsarki, za mu ta'aziyya wani ƙauye gaba da Sandamu. Wani tsohon ɗalibina ne tsawa ta kashe yana noma a gonar mahaifinsa. Ya bar matarsa da tsohon ciki.

A Mashi muka tsaya shan koko. Ƙosan ya ƙanƙance har direbanmu ya tambayi mai tuyar ko wake ya yi yaji ne. Ita kaɗai ta yi dariya. Daga Daura zuwa Sandamu gero ya yi kore shar, ya fara fid da kai. Daga nan laka ta hana mota, muka hau babura.

Gidajen Kirista huɗu ne kacal a ƙauyen. Maƙwabta Musulmi ne suka haƙa kabarin, su muka tarar cike da ƙofar gida. Aka kawo fura, na kasa sha.

Mahaifin ya ja ni har gonar, ya nuna mini inda geron ya ƙone ƙurmus. Ya ce, "Malam, kai ka koya wa yarona cewa Allah ya halicci duniya da kyau. Wani mai wa'azi kuma ya zo ranar rasuwar, ya karanta wata aya, ya ce ƙasa la'ananniya ce, tsawa ba ta faɗa wa mutum sai da alhaki. Wanne zan riƙe?"

Na daɗe ina koyar da wannan darasi a aji. Amma da ƙyar na ce, "Baba, zunubi ya ɓata ƙasa, amma Allah bai yar da ita ba. Almasihu marar laifi ma ya mutu, aka binne shi a cikinta, ya tashi da jikinsa. Fansarsa ba ta tsaya ga rai ba, ta kai jikin ɗanka, ta kai har gonar nan."

Ya ce, "Ke nan ba laifinsa ba ne?"

Na ce, "Ba laifinsa ba ne, Baba."

Sai ya durƙusa tsakanin kunyoyin gero ya fashe da kuka. Matar dattijon ta ce mini tun ranar rasuwar, kwana biyar ke nan, bai zubar da hawaye ba.

Mun iso gida kafin magariba. Tafiyar ta nuna mini nauyin aikinmu: aya ɗaya aka fassara a karkace, ta hana uba kukan ɗansa har kwana biyar.