Gafara Dai, Baba

Shekarar da na yi aure ita ce shekarar da wani Bature ɗan ƙasar Holan ya zo Ƙonni horar da 'yan ƙwallo. Dogo ne, yana ɗingisa ƙafar hagu. An ce zai zaɓi waɗanda za a kai Tawa gwaji, kuma gola ɗaya tak zai ɗauka. Mu kuwa biyu ne, ni da wani ɗan Malbaza mai murya kamar ta mai shela. A kama ƙwallo na fi shi, wannan kowa ya sani har shi kansa. Ni dai na riga na ɗora raina a kan Tawa, don tallar kayan miya a bakin iyaka ta ishe ni.

Tafintanmu wani ɗan kabu-kabu ne da ya yi zaman Sakkwato, ya tsinto Ingilishi. Ta bakinsa muka ji labarin kocin. Ya ce shi ma gola ne a zamaninsa, a wata ƙaramar ƙungiya ta garinsu. Hannunsa lafiya lau, amma ba ya magana a fili, sai aka ajiye shi a benci shekara da shekaru. Da ya koyi buɗe baki ya samu gurbi, sai gwiwa ta ci amanarsa. Daga nan ya koma horarwa, can a kore shi, nan a ɗauke shi, har tafiya ta kawo shi garinmu. Ya ce gola shi kaɗai ke ganin fili duka, don haka idan ƙwallo ta taso sama, dole ya kira sunan ɗan bayansa da ƙarfi, ya ce masa ya kauce.

To nan matsalata take. Ɗan bayan da ke tsaye a gabana ƙanin mahaifin matata ne. Auta ne a gidansu, bai girme ni da wani abin kirki ba, amma suruki suruki ne. Shi ya yi wa matata walicci ranar aurenmu. Idan na je gidansu a durƙushe nake gaishe shi, ko abinci ba na ci a gabansa. Baba nake ce masa. Yanzu a ce in kwatsa sunansa gatsal a gaban jama'ar gari, har in haɗa da tsawa?

Kullum da yamma kocin sai ya tsaya bayan raga yana tafa hannu, tafinta na cewa, "Ya ce ka yi magana! Mi ad damuwarka?" Sauran 'yan baya ina kiransu, har da zagi idan ta kama. Da na zo kan Baba sai in tsallake shi. Na roƙi tafinta ya bayyana wa Baturen, ya gwada, amma ban san abin da ya faɗa ba. Kocin dai ya dube ni, ya dubi Baba, ya ɗaga kafaɗa. Ina jin a ƙasarsu ba a san wannan ba.

Abinci ya daina shiga. Matata ta tambaye ni ko ciwo nake, na ce a'a. Ina zan fara gaya mata cewa sunan babanta ne ya tsaya mini a wuya? A hanyar kasuwa nakan gwada faɗinsa a hankali, in waiga ko wani ya ji.

Ranar zaɓe aka raba mu gida biyu, ɗan Malbaza a raga ɗaya, ni a ɗaya. Fili ya cika, har 'yan Illela sun zo a amalanke. Na tare ƙwallaye masu wuya, jama'a na ihu, na fara jin ƙanshin Tawa. Ana dab da tashi aka bugo kwana. Ƙwallo ta taso sama, tawa ce sarai. Na fito, sai ga Baba yana ja da baya, idonsa a sama, bai san ina tafe ba. Sunan ya zo har bakin leɓena. Abin da ya fito shi ne, "Gafara dai, Baba."

Cikin wannan hayaniya wa zai ji? Muka yi karo, ƙwallo ta bugi ƙeyarsa ta gangara raga. Ina kwance ina jin dariyar yaran da ke bayan raga, su sun ji abin da na ce.

Kocin ya kira sunan ɗan Malbaza. Sannan ya zo ya dafa kafaɗata, ya yi doguwar magana, tafinta ya taƙaita, "Ya ce hannunka ya hi nashi, amma ba ka da baki."

Ina kwance igiyar takalmi Baba ya zo ya tsuguna kusa da ni, yana shafa ƙeya. Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Kai ɗan nan, mi ya hana ka kira sunana? Tun randa Baturen ga ya zo nika sauraren ka kira. Cikin hili ai babu suruki."

Na ce, "To, Baba."

Washegari da safe motar Tawa ta tashi, ni kuwa ina bakin iyaka ina kasa tumatir.