Takalman Bashi Chomba

A unguwar mahaƙa ta Mufulira, duk wanda aka sallama daga aiki yakan loda kayansa a mota, har turmi da tsohuwar katifa, amma kare ba ya samun wuri. Sai a bar shi da kwanon ruwa, wai maƙwabta za su duba. Maƙwabtan nan kuwa mutum ɗaya ce, Bana Chomba, wato uwar Chomba a yaren garin.

Gajeriyar mace ce mai kaifin baki, tana sayar da busasshen kifi a bakin kasuwa. Tun da mijinta Bashi Chomba, wato uban Chomba, ya rasu, bayan ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin jan ƙarfe, gidanta ya koma na karnukan da aka watsar. Tukunya biyu take ɗorawa kullum, babbar tasu, ƙaramar tata. Kuma ba ta sa wa kare igiya. Ta ce wanda aka jawo da ƙarfi gobe zai koma, sai dai ya biyo ta da ƙafarsa.

Kare ɗaya ne ya gagare ta, wani tsoho mai furfura a baki, da take kira Shikulu, wato kaka. Masu shi sun tashi tun damina, shi kuwa ya kafe a ƙofar gidan. Ta kai masa tuwon masara da kan kifi, ya ci, ya koma ya kwanta. Ta lallashe shi, ta zage shi, ko gezau.

"Ke ma dai!" in ji maƙwabciyarta Bana Nsofwa. "Tuwo har ƙofa, wa zai tashi? Ni ma a yi min haka mana a gani."

Ana nan sai wanda ya sayi gidan ya tare ta a hanya, ya kira ta Bamayo, wato uwa.

"Bamayo, in naki ne ki ɗauke shi. Ranar Asabar zan tare da yara da kaji. In na same shi nan, maganin ɓera zan sa masa a nama."

"Haba ɗana, tsoho ne fa, ko haushi ba ya yi."

"Ni dai na faɗa miki."

Hankalinta ya tashi. Da la'asar ta zauna a gefen titi ta zuba wa karen ido. Jiniyar tashi daga aiki na kaɗawa ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa. Mahaƙa suka yi ta wucewa. Bai dubi fuskar kowa ba, ƙafafunsu yake bi da kallo. Da na ƙarshe ya wuce bai tsaya ba, ya koma ya kwanta. Bana Chomba ta san wannan tsayuwa, don ita ma ta daɗe tana yin ta.

Takalman aikin mijinta suna ƙarƙashin gado, ba ta taɓa su ba tun da aka binne shi. Washegari ta jawo su, ta cusa tsumma a ciki don sun yi mata yawa. Da jiniya ta kaɗa ta bi bayan mahaƙa, tana jan ƙafa, suna dariya. A ƙofar Shikulu ta tsaya, ta buga takalman a ƙasa ta kakkaɓe laka, yadda kowane mahaƙi yake yi a ƙofar gidansa. Karen ya matso, ya daɗe yana shinshina su. Ta juya ta kama hanya. Can ta ji takunsa a bayanta.

Sai dai tun daga ranar har yau, Shikulu ba ya taɓa abinci sai mai gida, wato mai takalman, ya dawo. Saboda haka kullum takalman suna cikin kwandon kifi, jiniya na kaɗawa ta sa su ta nufi gida.

"Sannu da aiki, maigida!" Bana Nsofwa kan ɗaga murya ta katanga. "Yaya rami yau?"

"Da zurfi. Ki je ki duba."

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, ranar farko da ta buga takalman a ƙofar gidanta, ta ji ƙarar nan da ta yi shekaru ba ta ji ba, sai da ta zauna a dakali ta yi kuka. Ta yi kewar mutumin nan ƙwarai. Karen ya zo ya ɗora haɓarsa a kan takalmin, su biyu suka zauna har tuwo ya huce.