Ranar da Kawu Ya Ƙi Shelar Shanu

Har yau in lasifika ta yi ƙarar nan mai tsinka kunne kafin a fara magana, sai in tuna Kawu, ƙanen mahaifiyata. Tun ba a haife ni ba shi ke riƙe da makirufo a filin ƙwallon garinmu, gefen babban kanal na ban-ruwa tsakanin Kura da Bunkure, har furfura ta cinye masa gemu. Kayan aikinsa batirin mota ne da lasifika rataye a darbejiya, sai baki. Kai, Kawu akwai baki! Ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo, sai ka ji ya ce a miƙa masa fartanya ya koma gonar shinkafa.

Wani rani, tumatir ya nuna, ana wasan ƙarshe. Fili ya cika maƙil, samarin rugar Fulani sun jeru bayan raga da sandunansu, don su ma 'yan kallo ne na kullum. Sai ga maƙwabcinmu a guje, laka har gwiwa.

"Shanu sun tsallaka kanal, sun faɗa tumatir! Ka faɗa a lasifika yara su tashi!"

Kawu ya rufe makirufo da tafin hannu. "Gonar wa?"

"Taka ma suka fara shiga."

Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Gonar nan ita ce cinmu, ita ce suturarmu. Amma maganar na fita ta lasifikar nan, ga samari jini na tafasa, ga masu sanduna a tsakiyarsu, wallahi sai an kwashi gawa. Tsoro ya kama ni.

Kawu ya janye hannu daga makirufo, ya ce da muryarsa ta kullum ana neman mai unguwa da Arɗo a gindin darbejiya, su taho a hankali kada rawani ya harɗe su. Aka kwashe da dariya. Ya ci gaba da tsokanar mai tsaron gida, gumi na ɗiga daga gemunsa, har dattawan biyu suka je aka fitar da shanun. Rabin gonar ya tafi, amma ba a fasa kan kowa ba.

Yanzu Kawu ya tsufa, murya ta dushe. Bara shanu suka sake shiga wata gona. Kafin mai unguwa ya sa takalmi, hoton ɓarnar ya zagaye wayoyin gari, aka cinna wa bukkokin ruga wuta. Da na gaya wa Kawu, sai ya ce in janyo masa ƙofa.