Hoton da Iya Ta Gani a Makka

Ranar wata Laraba bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar na firamare, motar da ta ɗauko Iya daga filin jirgi ta tsaya a ƙofar gidanmu a Toranke. Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, muka watsar da kwanuka muka yi waje, awaki suka samu garaɓasa. Iya kakata ce ta wajen uba, kuma Baffa Sale, ƙanen babanmu da ke aiki a sakatariyar Ajingi, shi ya kai ta aikin Hajji. Mu yara dabino da bagaruwar Makka kawai muke hange. Amma tun kafin ta cire takalmi, ta dubi jama'ar da suka cika zaure ta ce, "Baba ya isa Makka. Na gan shi da idona."

Duk garin an san maganar. Mahaifinta, Malam Buba, ya kama hanyar Gabas a ƙasa tun tana goye, daga shi sai sanda da gafaka, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Masu baki suka ce ba Hajji ba ne, gudun iyali ne, wai ya yada zango a Sudan ya yi aure ya manta da gida. Da wannan gorin mahaifiyarta ta rasu, da shi kuma Iya ta girma. Ko a bakin rijiya aka yi cacar baki, sai an jefa mata "'yar wanda ya gudu". Na sha ganinta tana sussukar gero ta tsaya cak, taɓarya a hannu, sai na tsokane ta da cewa cefanena take tunani. Takan ce, "Tafi can, mijin da ko gishiri ba ya saya."

Ashe bayan an gama aikin Hajji an kwashi su Iya ziyara, har wani gidan adana kayan tarihi. Sauran alhazai suka rufu kan tsohuwar ƙofar Ka'aba da murfin rijiyar Zamzam na dā. Ita kuwa ta tsaya cak gaban wani tsohon hoto marar launi: ayarin mahajjata da raƙuma, a gefe ga wani dogon baƙin mutum da gafaka a kafaɗa, kunnensa na hagu a gutsure. Iya ba ta san fuskar ubanta ba, amma wannan kunnen shi mahaifiyarta ta fi yi mata kwatance da shi. Nan ta zauna dirshan tana kuka, direba na ta danna oda a waje, sai da Baffa ya lallashe ta kamar yarinya.

Ranar Juma'a ta sa aka toya waina cike da kwalla, muka bi gida-gida muna rabawa, kowace ƙofa da saƙon da ta haddace mana: "Sadakar Alhaji Buba ce." Daga ranar duk wanda ya kuskura ya ce Malam Buba, ko liman ne, sai ta gyara masa. Ni kam na ji daɗi har cikin raina, don ban taɓa ganin Iya na tafiya kai a sama irin na wannan shekarar ba.

Bayan rasuwarta, da na girma, na soma tunanin cewa irin waɗannan hotuna ba sa rasa rubutu a ƙasansu, Baffa kuma ya yi Larabci sosai. Na same shi a Gaya, inda ya zauna bayan ya yi ritaya, na ce, "Baffa, me aka rubuta a ƙarƙashin hoton nan?" Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ranar na manta tabarauna a masauki." Ban ƙara tambayarsa ba.

Yanzu alhazan garinmu kan dawo da waya cike da hotuna, a zauna a zaure ana jan allo da yatsa ana gardama, kafin la'asar kowa ya manta. Iya ko ɗaya ba ta kawo ba, amma ta yi sauran kwanakinta da uba. Allah ya saka wa Baffa da alheri.