Abin da Sukurmoni ta Gani a Yashi

Shekara goma sha tara muna jan manjagara tare da Sukurmoni Tanti a filin golf na garinmu, amma ban taɓa ganin ta riƙe sandar wasan ba, ko da wasa. In ka tambaye ta sai ta ce wasan waɗanda suka ƙoshi ne: mutum ya bugi ƙwallo da hannunsa, ya bi ta da ƙafarsa, in ya same ta kuma ya hau fushi. Mu dai aikinmu yashi. Guraben yashi talatin da bakwai ne a filin, an haƙa su don su kama ƙwallon wanda ya yi kuskure, mu ne kuma muke baje su kullum da sassafe har su kwanta sumul.

Sunana Joba. Ta girme ni da shekara goma sha biyu, don haka Didi nake ce mata, wato yaya, sauran jama'ar fili kuma Mausi, wato inna. Gajeriya ce, haƙoranta ja wur saboda taunar tamul, goron ƙasarmu, ga baki kamar reza. Tsinkar ganyen shayi ta fara tun tana yarinya, sai da kwando ya cinye mata baya sannan ta dawo yashi. Mijinta ya mutu da wuri. Ɗanta guda yana gadi a Bangalore, sai ya ga dama yake kira.

Karatun sawu a wurin dabbobi ta fara shi. Filinmu a bakin daji yake, wani lokaci gari kan waye mu tarar giwaye sun ratsa sun yi mana ɓarna. Ni zagi nake yi, ita kuwa sai ta tsuguna. "Wannan tsohuwa ce, Joba, dubi yadda take jan ƙafar baya. Wannan damisar kuma a ƙoshe ta wuce, a je a ƙirga awakin unguwa." Aka ƙirga kuwa, ɗaya babu.

Daga dabba ta koma kan mutum. Duk watan Nuwamba, in damina ta ɗauke, ana yin gasa a filinmu. Ƙarama ce, ko talabijin ba ya nunawa. 'Yan wasa sama da ɗari suke zuwa daga Delhi da Kolkata da Dhaka, yawancinsu a jirgin ƙasa, su kwana huɗu-huɗu a ɗaki. Ranar Talata da safiyar Laraba suna gwaji. Duk wanda ya fita daga gurbi, mai ɗaukar jakarsa ne ya kamata ya share sawun, sai Didi ta ce, "Bar shi ɗana, ni zan gyara." Wa ya ƙi sauƙi? Suna juya baya sai ta tsuguna. Wanda ya binne ƙafa da yawa tsoro ne a cikinsa. Wanda ya sake tsayuwa sau uku bai yarda da kansa ba. Wanda ya haura ta wajen tudu maimakon ya zagaya, wannan gajen haƙuri ne, ranar Lahadi da ake ƙare gasa zai watse.

Da yammacin Laraba ake canka a rumfar Haren mai shayi. Kowa ya ajiye rupi ashirin ya faɗi sunaye huɗu, Haren ya rubuta a bayan tsohuwar kalanda. Na farko a jerinka makinsa ninki biyu ne. Ranar Juma'a ake tankaɗe, rabin 'yan wasa su koma gida, kuma in na farkonka yana cikin waɗanda aka zubar, to kai ma ka zube. Kuɗin ba wani abu ba ne, a singara, wato samosa, da jan shayi suke ƙarewa tun a wurin. Abin da ake wa yaƙi shi ne suna, da wata kujerar roba mai hannu, ita kaɗai ce a rumfar, wanda ya ci shi yake hawanta har shekara ta zagayo.

Ran da Didi ta fara miƙa ashirin ɗinta, mazan nan har da riƙe ciki don dariya. Cikin shekara takwas sau shida ta ci. Samari suna ta latsa waya, suna karanta wanda ya yi kaza a Pune, wanda ya yi kaza a Jaipur, ita kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta zo ta kwashe. Kuma kada in yi muku ƙarya in ce ba ta damu ba. Tabɗi! In ta hau kujerar nan ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ka ce ita ta gina garin. A duniya ba ta da abin da take taƙama da shi sai wannan.

To, akwai Nobin Urang. Ɗan unguwarmu ne, uwarsa mai tsinkar shayi, da ɗaukar jaka ya fara har ya zama ɗan wasa. A lokacin yana da shekara ashirin da tara, da mata, da 'ya'ya mata biyu. Borthakur Babu, wato maigida Borthakur a yarenmu, mai gidajen toya bulo, shi yake ɗaukar nauyinsa: tikitin jirgi, ƙwallaye, takalma, da ɗan abin da za a bari a gida. Babu ba mugu ba ne, amma ba ya kiwon gurgun doki. Wanda yake riƙe da shi kafin Nobin wuyan hannu ya yi masa ciwo, yanzu dafaffen ƙwai yake sayarwa a tashar Tinsukia. Shi ma Babu yana nasa canken da abokansa a barandar kulob, da kuɗi masu nauyi, kuma duk Laraba direbansa yakan zo rumfar Haren ya kwafi sunayen Didi ya kai masa. Shekara uku a jere Nobin ne na farko a jerinta, bai kuma taɓa ba ta kunya ba.

Ranar Talatar wannan shekarar muna gurbin da ke kusa da rami na goma sha huɗu Nobin ya shigo. Ya fitar da ƙwallonsa tsaf, ya yi mana murmushi, ya ce, "Mausi, bana ma ni ne, ko kin yi sabon saurayi?"

Ta ce, "Wuce ka ba ni wuri, mai kunnen faranti."

Ya wuce yana dariya, tafiyarsa a kan ciyawa ras, ba abin da za ka gani. Ta tsuguna kan sawunsa. Ta daɗe har na gaji da tsayuwa. Sai ta miƙe ta bi shi gurbi na gaba, da na gaba da shi. A na uku ta kira ni da hannu.

"Dubi ta hagu. Ina diddige?"

Na duba. Ta dama ta nutse sosai, ta hagu kuwa yatsu ne kawai da gefen waje.

Ta ce, "Idon sawu ne. Ya ɗaure shi tam a cikin safa yana cije baki. Rami goma sha takwas na yini ɗaya zai iya, talatin da shida na yini biyu ba zai iya ba. Yaron nan ba zai ga Asabar ba." Ta ja manjagara ta shafe wurin.

Na ji ba daɗi, amma na ce a raina ai shi ke nan, ta cire shi ta sa wani. Ni ma fa sunayenta nake kwafa, har na yi wa surukata alkawarin singara.

Laraba da yamma rumfa ta cika. Direban Babu yana jingine da ginshiƙi, biro a kunne. Haren ya ɗago kai ya ce, "Mai kujera, na farko?"

Ta tofar da ruwan tamul ta ce, "Nobin Urang."

Na mintsine ta a cinya, ta take min ƙafa har sai da na ga taurari. Direba ya rubuta ya tafi. Rabin rumfa suka bi ta, ni ma don kunya na bi.

A hanyar gida na tare ta. Na ce, "Didi, kin haukace ne? Da bakinki kika ce ba zai ga Asabar ba!"

"Na ce."

"To ki sa shi na huɗu mana, ko na biyu."

"Shekara uku yana na farko. In na matsar da shi ko da taki ɗaya, kafin direban nan ya tada mota Babu ya san akwai magana. Gobe ya ce a cire safa. Jibi Nobin yana tasha da tiren ƙwai."

"To da kin ce zazzaɓi kike yi, kin ƙi shiga."

"Su ce me ta gani ta gudu? Ke Joba, kanki na ado ne?"

Na ce, "Kujerar fa? Sunanki fa? Pronob, yaron nan mai latsa waya, zai hau kanki, kin san bakinsa."

 Ta ce, "Gasa biyu suka rage bana, sai hutun wata biyu. In ya kai hutu ƙafar za ta warke. Ke kuma ki riƙe bakinki, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Muryarta ba ta yi daɗi ba. Na san abin yana cin ta.

Ranar Alhamis Nobin ya daure, ya gama da bugu saba'in da uku, a golf kuwa mai ƙarancin bugu ne a gaba, har na fara cewa ko Didi ta yi kuskure. Ina! Ranar Juma'a tun daga rami na bakwai ƙwallo ta fara bin daji. Ya gama da tamanin da biyu, tankaɗe ya zubar da shi. Ko ɗingishi bai yi ba har ya shige ɗakin canza kaya, wannan kam na yaba masa.

Rumfa ta kama da wuta. Waɗanda suka kwafe ta su suka fi kowa ihu, kamar ta ja su da igiya. Direba ya kawo saƙon Babu a gaban kowa: wai tunda har tsohuwar ta zaɓe shi, ashe yaron lafiyarsa lau, rana ce kawai ta ɓaci, zai ci gaba da riƙe shi; amma tsohuwar idonta ya mutu, kada a ƙara kawo masa sunayenta. Aka kwashe da dariya. Didi ma ta yi dariya, ta ce, "Ka gaishe shi, ka ce bulonsa ma ba duka ne suke nuna ba."

Ranar Lahadi Didi ta zo ta uku daga ƙarshe. Pronob ya ci. Ya tsaya a gabanta ya ce, "Mausi, a ɗaga ki ne ko za ki tashi da kanki? In kuɗin tabarau ne babu, mu yi miki karo-karo."

Na yunƙura zan wanke shi tas, ta riƙe min zane. Ta tashi, ta share kujerar da gefen mayafinta, ta koma kan benci ta zauna a ƙarshe, wajen da hayaƙin murhu yake bugawa. Aka miƙa mata singara ta ce haƙori yana damunta. Ƙarya ce, haƙoran nan dutse ma za su fasa. Na rantse ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba, kalma ɗaya ce a bakina za ta rufe musu baki duka, ga shi an hana ni faɗa.

Litinin da safe baƙi duk sun watse, fili sai mu da hankaki. Muna gurbin rami na tara sai ga Nobin, hula a hannu. Ya tsaya a baki ya kasa haɗa ido da ita.

Ya ce, "Mausi, na ji abin da aka yi miki. Ni na jawo. Kin yarda da ni na zubar miki da mutunci. Ki yafe min."

Ba ta daina jan manjagara ba. Ta ce, "Akwai mai gyaran ƙashi a Dibrugarh, bayan kasuwar kifi. Ka je ranar da Babu ba ya gari. Kuma ka daina ɗaure ƙafar da ƙarfi haka, jini kake hanawa."

Hular ta faɗi daga hannunsa. Ya dube ni, na kau da kai.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Talata."

"Kika kuma sa ni na farko?"

"To in sa wa? Pronob?"

Sai ya zauna daɓas a bakin gurbin, ya kwance igiyar takalmi, ya zare safa, ya warware ƙyallen. Wayyo! Idon sawun ya kumbura ya yi baƙi, ko matarsa ashe bai nuna wa ba. Ƙaton mutum, uban 'ya'ya biyu, ya rufe fuska yana kuka kafaɗunsa suna rawa.

Didi ta jingine manjagara, ta tsuguna a gabansa da bayan nan nata mai ciwo, ta ɗora ƙafar a cinyarta tana dannawa a hankali da babban yatsa.

Ta ce, "Nan ne? Nan fa? To yi shiru haka nan, kada wani ya hango. Joba, tsaya ta can ki kare mu."

Na tsaya na ba su baya, na buɗe mayafina iya faɗinsa.